Ina maganin HIV ke kamawa a jikin ƙwayar cutar?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen awon ciki. Shekarun baya muna ba masu ɗauke da HIV haɗin da ke da efavirenz, sai aka ce a koma TLD, haɗin magani uku mai ɗauke da dolutegravir, wai shi ya fi kama ƙwayar cutar. Kuma an ce kada mai ciki ta haɗiye shi tare da maganin ƙarin jini. Ni dai ina faɗa wa mata haka ne don an ce in faɗa. Me ake nufi da kamawar nan? Ina yake kamawa? Kuma ta yaya masu bincike suka sani, tunda abu ne da ido ba ya gani?"

Wa'alaikumussalam Malama. Inda kika ce kina faɗa ne don an ce ki faɗa, nan ne ya fi taɓa ni, domin ni ma haka na yi shekaru a tagar ba da magani kafin in koma aji ina koyar da kimiyyar haɗa magunguna. Idan na fahimce ki, so kike ki san ko kalmar "kamawa" salon magana ne kawai na likitoci ko kuwa wani abu ne da ke faruwa da gaske, sannan ki san me ya haɗa wannan da ƙwayar ƙarin jinin da kuke rabawa ranar awo. To da gaske yake faruwa. Ɗigon maganin yana shiga wani ɗan lungu a jikin kayan aikin ƙwayar cutar ya zauna daram. Ƙarfinsa kuwa ya dogara ne ga wurin da ya damƙa da kuma tsawon lokacin da yake yi kafin ya saki.

Kayan aikin ƙwayar cutar

HIV matalauciya ce. Duk gadonta bai kai haruffa 10,000 ba, furotin ɗinta kuma wajen 15 ne. Sauran abin da take buƙata a cikin ƙwayoyin garkuwar jikinmu take ara, musamman waɗanda ake kira CD4. Sai dai akwai ayyuka uku da jikinmu ba zai yi mata ba, don haka da 'yan aikinta take zuwa. Na farko magatakarda ne, mai kwafe gadonta daga rubutun RNA zuwa na DNA, sunansa ribas tiranskiriptes. Na biyu maɗinki ne, mai tsaga DNA ɗinmu ya ɗinka nata a ciki, shi ne intagires. Na uku almakashi ne, furotiyes, wanda ke yayyanka dogon zaren furotin gunduwa-gunduwa don sabuwar ƙwaya ta nuna. Dukkan maganin HIV da kike miƙa wa mata ɗaya daga cikin ukun nan yake nema.

Babu gam a tsakanin magani da abin da ya kama. 'Yan ƙananan jan juna ne tsakanin atam da atam: nan mai cajin lantarki ya ja kishiyarsa, can ɓangare mai maiƙo ya guje wa ruwa ya lafe a jikin ɗan'uwansa mai maiƙo. Kowanne shi kaɗai tsinken tsintsiya ne, sai sun taru suke riƙo. Kuma riƙon ba na dindindin ba ne. Magani ya kama, ya saki, wani ɗigon ya maye gurbinsa. Muddin akwai isasshe a jini lungun ba ya zama fanko, in ya yi ƙaranci kuwa ɗan aikin ya koma bakin aikinsa. Tun 1894 wani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta abin da kwaɗo da mabuɗi, kuma har gobe da shi muke fara koyarwa. Amma kwatancen ya gaza ta wani wajen, don furotin ba ƙarfe ba ne. Ya fi kama da takalmin fata, yana buɗawa yana bin siffar ƙafar da ta shige shi.

Magatakarda da hanyoyi biyu na tsayar da shi

Ki ɗauka ana jera carbi, kowane ɗa ana zura shi a zare, na gaba ya biyo. Sai a jefa wani ɗan carbi na bogi cikin kwanon, kamarsa ɗaya da sauran, amma da an zura shi zaren ba ya fita ta ɗaya gefen. Jeri ya tsaya ke nan. Haka zidovudine ke yi, wanda kika sani da AZT. Jerome Horwitz ne ya haɗa shi a Amurka a 1964 da niyyar maganin daji, bai yi aiki ba aka jingine shi, sai a 1987 ya zama maganin HIV na farko da aka amince da shi. Tenofovir da lamivudine, wato T da L na cikin TLD, duk 'yan gidan nan ne. Sun yi kama da haruffan DNA, amma babu maƙalar da harafi na gaba zai rataya. Magatakarda da hannunsa yake ɗaukarsu ya saka.

Abin da ya sa suka fi cutar da ita a kan mu shi ne masu kwafin DNA na jikinmu sun fi tsantseni wajen zaɓe. Ba duka ba dai. Idan kin riski zamanin stavudine za ki tuna masu zurmawar kumatu da zugin ƙafa. Maganin ne ke yaudarar wani magatakarda namu da ke cikin ɗakin wutar sel, wato ƙwayar halittar jikinmu, shi ya sa aka yi watsi da shi. Wani abin lura kuma, ƙwayar ciwon hanta nau'in B ita ma tana da magatakarda irin wannan, don haka tenofovir da lamivudine suna danne ta. Matar da ke da cututtukan biyu in ta yanke shan TLD kwatsam, hantarta na iya tashi.

Lamivudine yana da wani labari da nake son ba ɗalibai. Sauyi ɗaya tak a gurbi na 184 na jikin magatakarda, wanda ake rubutawa M184V, ya isa ya hana shi zama, domin sabon amino asid ɗin, wato tubalin da ake gina furotin da shi, yana da kafaɗa mai faɗi da ke tokare zoben maganin. Amma ƙwayar da ta yi wannan sauyin ta rame, ba ta hayayyafa kamar da, kuma tenofovir da AZT sun fi samunta. Shi ya sa likita zai ga M184V a sakamakon gwaji amma ya bar lamivudine a cikin haɗin. Ya bar ta ne da ɗingishinta.

Hanya ta biyu ita ce ta nevirapine da efavirenz, kuma a nan ne rabin amsarki take. A 1992 ɗakin binciken Thomas Steitz a Jami'ar Yale ya fitar da hoton magatakardan nan riƙe da nevirapine. Siffarsa kamar hannun dama, da tafi da 'yan yatsu da babban yatsa, DNA na ratsawa ta tsakiya. Abin mamaki, nevirapine bai zauna a inda ake rubutun ba. Yana can gefe, nisan kashi 1 cikin miliyan na milimita, a wani aljihu. Da aka samu hotunan furotin ɗin ba tare da magani ba, sai aka ga aljihun ma babu shi. Maganin ne ke ture wasu amino asid biyu, na gurbi 181 da 188, ya buɗa wa kansa wuri, kamar a cusa ɗan itace a gaɓar ƙofa. Da ya zauna sai babban yatsa ya sanƙare, hannu ya kasa motsin rubutu.

Dabara ce mai kyau, amma rauninta a fili yake. Aljihun nan ba shi da wani muhimmin aiki a wurin ƙwayar cutar, saboda haka tana iya sauya bangonsa ba ta yi asarar komai ba. Sauyin K103N kaɗai ya kashe efavirenz da nevirapine baki ɗaya, ƙwayar kuma tana nan da ƙarfinta, har ta wuce zuwa wani mutum a haka. Ki haɗa wannan da halin magatakardan. Ɗalibi ne mai kwafe allo babu malamin da ke duba masa, kusan kowane kwafi uku sai an sami kuskure. A jikin wanda ba ya shan magani kuwa ana ƙera sababbin ƙwayoyi wajen biliyan 10 a rana, kamar yadda binciken David Ho da Alan Perelson ya nuna a tsakiyar shekarun 1990. Ma'ana, duk wani sauyin harafi ɗaya da zai yiwu ya riga ya faru a jikin mutumin kafin ya haɗiyi ƙwayar farko. Maganin da sauyi ɗaya ke kayarwa, in shi kaɗai ne, an kayar da shi tun bai shiga fage ba. Dalilin haɗa uku ke nan.

Ku ma'aikatan awo kun ga wannan da idonku. Gwajin da aka yi a Yuganda, wanda aka bayyana a 1999, ya nuna ƙwaya ɗaya ta nevirapine ga mai naƙuda da 'yar kaɗan ga jariri na rage yaɗuwar cutar da kusan rabi. Ya ceci yara masu yawa. Amma nevirapine yana daɗewa a jini, kwanaki yana raguwa a hankali shi kaɗai babu mataimaki, mata da yawa suka fito da ƙwayar da ta bijire masa. Efavirenz ma haka ne: in mutum ya daina shan haɗin, sauran biyun su riga shi fita, ya rage shi kaɗai. Sannu a hankali, a ƙasashe da dama fiye da mutum 1 cikin 10 na masu fara magani sun zo da ƙwayar da wannan aljihun nata ya riga ya sauya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dolutegravir ne zaɓin farko ga kowa, har da masu ciki.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a Afirka ta Yamma. HIV-2, wato nau'i na biyu na ƙwayar cutar, wadda aka gano a 1986 kuma ta fi yawa a wajejen Gini Bisau da Senegal, tun asalinta amino asid daban ne a gurbi 181 da 188. Efavirenz da nevirapine ba sa samun wurin zama a jikinta ko kaɗan. Haka wani reshe na HIV-1 da ake kira rukunin O, wanda ake samu a Kamaru, da yawansa da sauyin 181 ake haifarsa. Dolutegravir kuwa yana aiki a kansu.

Masu bincike ba su bar aljihun ba. Eddy Arnold na Jami'ar Rutgers da Paul Janssen na Beljiyam sun yi shekaru suna ɗaukar hoto suna gyara magani, har suka kai ga etravirine a 2008 da rilpivirine a 2011. Waɗannan jikinsu na lanƙwasuwa, in an sauya bango ɗaya sai su murɗa su jingina da wani.

Kama riga da kama ƙugu

Almakashin ƙwayar cutar ƙarami ne, tagwaye biyu iri ɗaya, kowanne amino asid 99, da rami a tsakani da murafu biyu a sama masu buɗewa su rufe a kan abin da za a yanka. An ga siffarsa a 1989, kuma yana cikin wuraren farko da aka zauna da hoto a gaba ana zana magani don ya cika rami. Saquinavir ya fito a ƙarshen 1995, ritonavir da indinavir suka biyo a 1996, shekarar da haɗin magani uku ya fara tayar da waɗanda aka fid da rai da su. Dukkansu suna kwaikwayon zaren furotin ne a daidai lokacin da ake yanka shi, sai dai su ba sa yankuwa. Almakashi ya cije, ya kasa saki.

Su ma ƙwayar ta koyi zame musu. Celia Schiffer ta Jami'ar Masachusets ta lura da wani abu: in aka ɗora hotunan duk zaren da almakashin ke yankawa a kan juna, suna cika wani fili guda. Duk inda magani ya yi tsini ya fita daga wannan filin, a nan ne sauyin bijirewa ke ɓullowa, domin a nan ne ƙwayar za ta iya tokare magani ba ta tokare abincinta ba. Arun Ghosh kuma ya bi ta wata hanyar. Kowane furotin yana da ƙashin baya, da rassa masu fitowa daga jikinsa. Sauyin gado rassan yake canzawa, ƙashin bayan yana nan yadda yake. Sai ya ƙera magani mai riƙe ƙashin bayan a gurbi 29 da 30, shi ne darunavir, wanda aka amince da shi a 2006. Wanda ya cafke ka a riga, kana iya tuɓewa ka bar masa ita. Wanda ya kama ƙugu, kamar yadda 'yan kokawa ke yi, sai dai ku faɗi tare. Sai ƙwayar ta tara sauye-sauye masu yawa kafin darunavir ya sassauta, shi ya sa ake ajiye shi don waɗanda sauran magunguna suka gaza musu.

Dolutegravir da ƙwayar ƙarin jini

Maɗinkin nan, intagires, ba ya iya aiki sai da atam biyu na magnesiyam da yake riƙewa a bakinsa. Su ne ke kama ƙarshen DNA na ƙwayar cutar su soka shi cikin namu. Dolutegravir yana da atam uku na oksijin a jere, an tsara su daidai yadda za su damƙe magnesiyam ɗin nan biyu kamar awartaki. A gefe kuma yana da wani zobe da ke kutsawa ya ture harafin ƙarshe na DNA ɗin ƙwayar daga mazauninsa, ya kwanta a jikin harafin da ke biye. Wato ya riƙe allura, ya kuma kauce da bakin zaren. Ki lura da abin da ya kama: magnesiyam ɗin da ƙwayar ba za ta iya aiki babu shi ba, da haruffan ƙarshen gadonta waɗanda in ta sauya su maɗinkinta ba zai gane su ba. Wannan kamun ƙugu ne.

Raltegravir, wanda ya riga shi fitowa a 2007, shi ma magnesiyam ɗin yake kamawa, amma yana jingina da wani reshe a gurbi 143, da ƙwayar ta sauya shi sai ya zame. Dolutegravir, na 2013, bai dogara da wannan reshen ba. An kuma auna tsawon riƙonsu a ɗakin gwaji. Kafin rabin ɗigogin su saki, elvitegravir, wani ɗan gidansu, yana yin awa 2.7, raltegravir awa 8.8, dolutegravir awa 71. Kusan kwana uku ke nan. A ganina wannan lambar ce ta fi kowace bayyana dalilin da ya sa ya fi haƙuri da mai makara. Amma kada ki gaya wa mata cewa suna iya tsallake kwana uku. A kwalbar gwaji aka auna wannan, a jiki kuwa sababbin maɗinka na fitowa kullum, kuma rabin maganin da ke jini yana fita cikin awa 14 ko makamancin haka. Bijirewa gare shi ma tana faruwa, akwai sauyi irin su R263K da Q148H, an fi ganinsu ga waɗanda suka daɗe suna shan magani da yankewa, ko waɗanda sauran biyun na cikin haɗin suka riga suka mutu musu.

Yanzu ki dubi ƙwayar ƙarin jini. Ƙarfe ne a cikinta. Awartakin nan na dolutegravir ba ya tambayar sunan abin da ya kama: magnesiyam, ƙarfe, kalsiyam, alminiyam, zinki, duk yana damƙa. In suka haɗu a ciki, sai ya kama ƙarfen tun a hanji, su dunƙule, hanji ya kasa tsotse su, su fita tare. An auna wannan ma. Da cikin da babu abinci, ƙwayar ƙarfe tana rage abin da ke isa jini da fiye da rabi, farin maganin olsa na ruwa mai magnesiyam da alminiyam kuwa yana kwashe kusan kashi 3 cikin 4. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Ga ƙarfe da kalsiyam akwai sauƙi, in tare da abinci sosai aka sha su ana iya haɗawa. Ga maganin olsa babu wannan sauƙin.

Na taɓa samun wani magidanci da gwajin yawan ƙwayar cutar a jininsa ya ƙi sauka, yana ta rantsuwa bai taɓa tsallake rana ba. An riga an fara yi masa kallon maƙaryaci. Da muka zauna na ce ya lissafa mini duk abin da ke shiga bakinsa da dare, sai ga kwalbar maganin olsa da yake saya a kemis, yana kurɓa ya kora TLD da ita don ƙwannafi na damunsa. Muka raba musu lokaci, gwajin gaba ya sauka. Tun daga ranar ba na tambayar "kana shan maganinka?" kawai, sai na ƙara da "da me kake sha?" Masu ciki kuma ki tambaye su batun farar ƙasa, da yawa suna ci ba sa faɗa, kuma ƙasa ce mai ɗauke da irin waɗannan ma'adanai.

Kada ki haɗa wannan da batun maganin tarin tibi. Rifampicin ba ya kama dolutegravir, hanta yake zugawa ta yi saurin fitar da shi, shi ya sa ake ƙara miligiram 50 bayan awa 12.

Yadda aka gani

Ido ba ya gani, madubin asibiti ma ba ya gani. Tsohuwar hanya ita ce a tara furotin ɗin tsantsa, a haɗa shi da magani, a lallaɓa shi har ya daskare ya zama ɗan ƙanƙara mai tsari irin na gishiri. Sai a harba masa hasken eksire mai ƙarfi, hasken ya warwatse ya bar ɗige-ɗige, kwamfuta ta yi lissafi daga ɗigen ta fitar da mazaunin kowane atam. Wahalar tana wajen daskarewar. Maɗinkin HIV ya ƙi, shekara da shekaru yana cuɗewa kamar kunun da ya yi gudaji. Peter Cherepanov da abokan aikinsa a Landan sai suka koma ga maɗinkin wata ƙwayar 'yar'uwarta, suka yi gwaji sama da 40,000 kafin su sami ƙanƙara ɗaya mai kyau, suka buga hoton a 2010. Raltegravir ya riga ya yi fiye da shekara biyu a hannun marasa lafiya kafin a ga yadda yake zama. Ba kullum hoto ke riga magani ba, wani lokaci bayani yake zuwa yi, sai na gaba ya amfana.

Sabuwar hanya ba ta buƙatar ƙanƙarar. Ana daskarar da furotin ɗin cikin siririn ruwa farat ɗaya, a ɗauki hotunan ɗigogi dubu ɗaruruwa da madubin ilektoron, kwamfuta ta tattara su ta gina siffa. Da ita aka ga maɗinkin HIV kansa riƙe da DNA a 2017, shekarar da masu ƙirƙiro hanyar suka sami kyautar Nobel. Tsawon riƙo kuma da wasu na'urori ake aunawa: a manna furotin a jikin faranti, a kwarara magani a kai, a wanke, a ga tsawon lokacin da zai yi kafin ya bari.

Irin wannan aikin ne ya haifi lenacapavir, allurar da ake yi sau biyu a shekara. Shi bai nemi ko ɗaya cikin 'yan aikin nan uku ba. Ƙoƙon da ke lulluɓe gadon ƙwayar yake kamawa, wanda aka saƙa da furotin shida-shida kamar saƙar zuma. Yana shiga tsagin da ke tsakanin biyu maƙwabta, daidai inda furotin ɗin sel ɗinmu ke riƙewa su ja ƙoƙon zuwa cibiyar sel inda DNA ɗinmu yake, ya ƙame shi ya hana shi buɗewa a kan kari. A gwajin rigakafin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka bayyana a 2024, cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa allurar babu wadda ta kamu a lokacin da aka fitar da sakamakon.

Iyakar abin da hoto ke faɗa

Ni ban taɓa daskarar da furotin da hannuna ba, babbar na'urar hasken da ake wannan aikin da ita ma babu ko ɗaya a nahiyar Afirka. Abin da muke yi da ɗalibai shi ne mu sauko da siffofin da wasu suka ajiye kyauta a intanet, mu sa kwamfuta ta gwada zaunar da sinadarai a lungunan. Yana da amfani wajen koyo, amma yana da saurin ruɗi. Wani ɗalibina ya taɓa zuwa yana murna, wai wani sinadarin darbejiya ya fi dolutegravir maki. Da muka buɗe fayil ɗin, ashe ya goge magnesiyam ɗin biyu lokacin share siffar, DNA ma babu shi a ciki. Dolutegravir kuwa ba ya kama maɗinki sosai sai maɗinkin yana riƙe da DNA. Ya cire abin da maganin ke kamawa, sannan ya ce maganin ba ya kamu. Duk lokacin da kika ji an ce bincike ya nuna ganye kaza yana kama HIV fiye da maganin asibiti, ki tambaya a kwamfuta ne, ko a kwalba, ko a jikin mutum. Tazarar da ke tsakaninsu shekaru ce, kuma mafi yawan sinadarai a hanya suke faɗuwa.

Wani gibin kuma, yawancin hotunan nan an ɗauke su ne da nau'in B na HIV, na Turai da Amurka. Mu a Najeriya nau'in G da wani haɗe da ake kira CRF02_AG ne suka fi yawa, haɗen nan kuma samfurinsa na farko daga Ibadan aka samo shi. Wuraren da dolutegravir ke kamawa iri ɗaya ne a dukkansu, shi ya sa yake mana aiki. Amma hanyar da kowane nau'i ke bi wajen bijirewa tana iya bambanta, kuma wannan aiki ne da ya kamata jami'o'inmu su riƙe da kansu.

Sannan duk ƙarfin kamun nan, 'yan aiki yake tsayarwa. Gadon da maɗinki ya riga ya ɗinka cikin wasu ƙwayoyin CD4 masu barci yana nan kwance, babu magatakarda ko almakashi a bakin aiki balle magani ya sami abin kamawa. Da an daina sha, cikin 'yan makonni yake farkawa. Don haka matar da gwajinta ya nuna ba a ganin ƙwayar, ki taya ta murna, ki kuma gaya mata ba warkewa ba ce.

Idan wata ta zo gwajin yawan ƙwayar cutar a jininta ya haura 1,000 tana kan TLD, ba zan iya ce miki daga nan ga dalili ba, wannan sai likitan da ke riƙe da katinta. Abin da ke hannunki shi ne tambayar da ba kowa ke yi ba, da kuma tsara mata lokaci. Mafi sauƙi da na gani yana zaunawa a kan mata shi ne TLD da dare kafin kwanciya, ƙwayar ƙarin jini da safe bayan karin kumallo. Wadda TLD ke hana ta barci sai a juya mata, ta sha shi da sassafe, ƙarin jinin kuma bayan tuwon dare.